Abincin baƙo a ƙasar Magariya da Dungas

Wanda ya taso daga Damagaram ya bi ta Bande zuwa Magariya ganin dangi, ba ya manta ƙwaryar fura da nono da ake tarbarsa da ita tun bai kwance kaya ba. Da dare sai tuwon gero miyar kuka, wani gidan har a yanka masa zabo. In ya zarce Dungas, wadda ta zama gunduma a 2011, da rake da gyaɗa za a sallame shi.

Amma fa wannan da kaka ne. Da damina rumbu ya yi ƙasa, kwaɗon tafasa ake ci, kuma maigida ba zai faɗa ba. Baƙon da ya san haka yakan riƙo tiya biyu ta gero, ya aika wa uwargida ta hannun yara.