Ƙafafun wace ce a hoton nan?

A gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai wasu tsofaffin hotuna daga birnin Faris masu ɗaure kai: ƙafafun mace a buɗe, an tattare sutura sama, babu fuska. A shekarun 1860 macen da ke ji da mutuncinta a Faransa ko idon sawu ba ta bari a gani, don haka mai kallo zai fara zaton hotunan matan bariki ne da ake sayarwa a ɓoye.

Sai dai shagon da ya ɗauke su na Mayer da Pierson ne, masu ɗaukar Sarki Napoleon na Uku da fadawansa. Kuma sun zo cikin tarin hotuna sama da 400 da marubuci Robert de Montesquiou ya tara, duk na mace ɗaya: Virginia Oldoini, matar wani basaraken Italiya, wadda aka fi sani da Castiglione. Ta iso Faris tana 'yar shekara 18, har ta zama farkar sarkin.

To wa ya tsara wannan ɗanyen aiki? Ana iya ɗora wa mai hoton, Pierre-Louis Pierson, amma sauran aikinsa na yau da kullum ne: attajiri ya tsaya, ya haɗe rai, a ɗauka. Sai gaban wannan mata ne kyamararsa ke haukacewa, daga 1856 har 1895.

Hotunan da kansu suka tona asiri. Ita ke zaɓen tufafi, ta raɗa wa hoto suna, ta gaya wa masu fenti kalar da za su shafa. Ta sake sa kayan da ta yi fice da su a wuraren biki don a ɗauke ta. Da mijinta ya yi barazanar ƙwace ɗansu Giorgio, hoto ta aika masa, tana riƙe da wuƙa a jikin rigarta, ta sa masa suna Ramuwa. Mai hoto ba ya ƙirƙiro wa mutum irin wannan faɗa.

Pierson ma'aikaci ne. Mai aikin ita ce Castiglione. Ta so baje hotunan a babban bikin baje koli na Faris na 1900, amma ta rasu a Nuwamban 1899.