Wuta Kafin Mai: Yadda Ake Canza Distiributa da Kafireta a Tsohuwar Akori-kura

A Zango da sauran garuruwan masarautar Daura, kamar Baure da Sandamu da Mai'adua, har yanzu tsohuwar akori-kura tana cin kasuwa. Ita ke kwaso gero da wake daga ƙauyukan bakin iyakar Nijar, ita ke kai awaki kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Daga cikinsu akwai Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, akwai kuma tsofaffin Datsun da Toyota Hilux. Injinsu ba ya da kwamfuta. Kafireta ke gauraya mai da iska, distiributa ke raba wa filogi wuta, shi ya sa makaniken gari yake iya gyara su da sifana da sukundireba.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mota mai shan mai ta zama nauyi a kan mai ita. Da direba ya ga tanki yana saurin ƙarewa, sai ya ce kafireta ce, a canza ta. Ni kuwa ina ganin nan ake fara asara. Mota mai raunin wuta ma tana shan mai, tana baƙin hayaƙi, tana wuyar tashi da safe, kamar dai mai matacciyar kafireta. Saboda haka wuta ake fara gyarawa, a tabbatar ta zauna, sannan a taɓa mai. Kafin su duka biyun ma a duba injin kansa: in salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, filogi yana jiƙewa da baƙin mai, to ringi ne ko bawul, kuma sabon kaya ba zai yi maganinsa ba.

Ga yadda wutar take. Batir volt 12 yake bayarwa, wanda bai isa ya tsallaka bakin filogi ba. Kwayil ke ɗaga shi zuwa volt dubbai, amma ba ya yin haka sai a daidai lokacin da aka katse masa wutar batir. Mai katsewar shi ne kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu a cikin distiributa da suke buɗewa suna rufewa. Kwandensa na gefensu tana tsare su daga ƙonewa, rota kuma tana juyawa tana miƙa wutar ga wayar filogin da lokacinsa ya yi.

Cire murfin distiributa ka kama sandar tsakiya ka girgiza ta hagu da dama. In tana wasa, bushin ya cinye, kuma duk yadda aka saita kwantak ba zai tsaya ba, domin tazararsa za ta riƙa canzawa a kowane juyi. Sai ka murɗa rota kaɗan ka sake ta. Ya kamata ta koma da kanta. In ta cije, ƙarafan da ke gaggauta wuta idan inji ya ɗau gudu sun yi tsatsa. Sannan ka tsotsi ɗan tiyon da ke zuwa gwangwanin gefen distiributa. Farantin ciki zai motsa in fatar da ke cikin gwangwanin tana da rai, in kuwa iska kawai kake ja, ta huje. In sandar ba ta wasa, kwantak da kwandensa da rota da murfi sun wadatar. In tana wasa, a canza distiributa gaba ɗaya.

Kada ka zare tsohuwar tukuna. Cire filogin silinda ta ɗaya, ka toshe ramin da yatsa, wani ya juya inji da hannu a hankali. Da ka ji iska tana turo yatsan, fistin yana hawowa a kan matsi. A ci gaba har alamar taimin ta daidaita. A nan akwai abin da ke rikita wanda ya saba da motar Japan. A Toyota da Datsun silinda ta ɗaya ita ce ta wajen lagireto, amma a injin Peugeot ɗin nan daga wajen kuloci ake fara ƙirga. Yi alama da alli inda rota ta nuna, ka sa wa wayoyin filogi lamba, domin jerin tashinsu 1-3-4-2 ne, kuma waya biyu da aka musanya sun isa su sa mota ta yi ta harbi.

Yanzu zare tsohuwar, ka zura sabuwar yadda rota za ta kalli wannan alama. Tazarar kwantak a Peugeot milimita 0.4 ce, ta filogi 0.6, kuma da filageji ake aunawa. Ido ba ya auna wannan. Waya daga makulli tana zuwa gefen kwayil mai alamar +, ta distiributa kuma gefen −. Domin saita taimin, haɗa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin gefen − da jikin mota, ka kunna makulli, ka juya jikin distiributa a hankali har ƙwan ya kama. Nan ne kwantak ya buɗe, sai ka ɗaure. Ka gwada ta da kaya a hawa. In inji yana ƙwanƙwasa idan ka taka totur, wutar ta yi gaba da yawa, a dawo da ita kaɗan. In motar ta yi nauyi tana zafi, wutar ta yi baya.

Akwai distiributa ta lantarki wadda babu kwantak a cikinta, kuma tana da kyau a ƙasa mai ƙura irin tamu, tunda babu abin da ke gogewa balle a yi ta saiti. Sai dai tana son kwayil ɗin da ya dace da ita, kuma in aka juya wayoyinta sau ɗaya tak tana iya ƙonewa. Shawarata ga mai shiga ƙauyuka ita ce ya naɗe tsohuwar mai kwantak a tsumma ya ajiye bayan kujera, domin ta lantarki in ta mutu a daji ba ta gyaruwa.

Sai kafireta. Inji yana buƙatar iska kusan kashi 15 ga mai kashi 1 ta fuskar nauyi, kuma 'yan ramukan da ke auna man, wato jet, ba su fi bakin allura girma sosai ba. Yawancin ciwon kafireta a yankinmu datti ne: ƙurar hunturu, yashin hanya, ruwa da tsatsa a man jarka, da kuma tukunyar tace iska da aka cire aka jefar wai don mota ta yi numfashi. Wannan wanki yake so da sabon gaskit da sabuwar allurar fulot. A hura jet da iska. Wanda ya tsokane shi da waya ya faɗaɗa ramin, motar kuma za ta riƙa shan mai har ranar da aka canza shi. Kafiretar da ta cancanci canji ita ce wadda sandar totur ɗinta ta cinye tana shigar da iska ta gefe, ko gindinta ya lanƙwashe, ko jikinta ya tsage. Alamarta ita ce silo ba ya zama wuri ɗaya komai saiti.

Idan za ka saya, a Daura ne ko a Kofar Ruwa ta Kano, tafi da tsohuwar a hannu. Peugeot da Solex take zuwa, mai maƙogwaro ɗaya ko biyu gwargwadon girman inji, Toyota da Aisan, Datsun da Hitachi. Gwada ramukan gindi, ka karanta lambobin da ke jikin jet. Ana yawan ɗora kafiretar ƙaramar mota a kan babban inji domin rage shan mai, kuma ba na goyon bayan haka ga motar ɗaukar kaya. Man da ya yi ƙaranci yana sa inji zafi, ya ƙona bawul, direba kuma ya yi ta danne totur har ƙasa, ribar ta tafi.

Wajen ɗorawa, inji ya huce, a cire kan batir na −. Da ka ɗaga tsohuwar, cusa tsumma mai tsabta a bakin manifol, domin noti ɗaya da ya faɗa ciki zai sa a sauke kan inji. Kankare tsohon gaskit, ka mayar da farantin da ke tare zafi in akwai shi, ka cire tsumman, ka ɗaure notuna kaɗan-kaɗan ana tsallakawa, kada gindin ya lanƙwashe. Sa sabuwar matatar mai a tiyo. Wani ya taka totur kana kallo: ya buɗe duka, sifirin ya dawo da shi duka. Cok ma haka. Kada a zuba fetur a maƙogwaron kafireta ana tayar da inji, wuta tana iya dawowa ta kama fuskar mutum.

Saiti sai inji ya yi ɗumi, tukunyar iska tana kai. Sukurori biyu ne, ɗaya na gudun silo, ɗaya na gauraya. Murɗa na gauraya ciki a hankali har ya taɓa, ban da matsewa, ka dawo da shi kamar zagaye biyu. Tayar da inji, ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan kana saurare har ka kai inda ƙarar ta fi daidaita, sannan ka sauke silo zuwa wajen juyi 800 ko 900 a minti.

Daga nan a yi tafiya da ita, ko da daga Zango zuwa Daura ne, a cire filogi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. Baƙi mai kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa, a duba fulot da cok. Fari fat kuwa mai ya yi kaɗan, ko iska tana shiga ta gindin kafireta, kuma kada a ɗora mata kaya sai an gano inda take shiga.