Ruwan Kwalta da Kofaton Shanu

'Yan uwa fatake masu bi ta Abu Na'ama, kan hanyar Sinja zuwa Damazin, ga bayani a kan baƙin ruwan nan da ma'aikata kan fesa in ana gyaran zalat, wato hanyar kwalta. Da yawanmu in mun ga hanya ta yi baƙi sai mu ce aiki ya ƙare, a kora shanu. A'a, shafin farko ne kawai.

Kwalta ce aka tsinka da kananzir, irin su MC-30. Akan fesa kamar lita ɗaya a kowane murabba'in mita na tsakuwar da aka daddaɓe. Aikinta ta nitse cikin tsakuwar, ta kama ƙura, ta toshe wa ruwa hanya, don kwaltar sama ta sami abin mannewa. Ba ta bushewa sai kananzir ɗin ya tashi, awa 24 zuwa 48, da damina ma fiye.

In garke ya taka ta ɗanya, kofato zai ɓamɓare ta, kuma nan ne rami zai fara fitowa. Mu masu loda shanu a mota, ai mu ne za mu sha wahalarsa. Ga shi kananzir kan ƙona fatar tsakanin kofato. Inda burtali ya ratsa hanya, mu roƙi shugaban aikin ya baza yashi kafin mu tsallake, kuma kada a bar maraƙi ya lasa.