Kogin Kaduna: Yadda Bambancin Yankuna Ya Raba Birni Gida Biyu

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, kuma ƙasarta ba iri ɗaya ba ce. A arewa, wajen Zariya, Giwa, Soba da Maƙarfi, fili ne shimfiɗaɗɗe, damina gajera ce, ana noman masara, dawa, rake da tumatir, akasarin jama'a kuma Hausawa ne da Fulani Musulmi. A kudu, wajen Kachia, Kafanchan, Kagoro da Zangon Kataf, ruwan sama ya fi yawa, ga duwatsu ga kurmi, ana noman citta, doya da acca, al'ummomi irin su Atyap, Bajju, Ham da Adara kuwa akasarinsu Kirista ne. Wannan bambanci alheri ne, domin shi ke sa kowane yanki ya buƙaci kayan ɗan'uwansa. Abin damuwa shi ne yadda aka kwaso shi aka dasa a tsakiyar babban birni, har kogin Kaduna ya zama iyakar addini.

Ba haka birnin ya taso ba. Tun da Turawa suka maido hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, layin dogo da aikin gwamnati da soja suka tara jama'a daga ko'ina. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, da sauran masaƙu da kamfanin Peugeot, sun sa ma'aikaci yana neman haya kusa da wurin aikinsa, ba ruwansa da addinin mai gida. Abu biyu suka rushe wannan zama. Na farko, rikicin Shari'a na 2000, da na gasar sarauniyar kyau na 2002, da na bayan zaɓen 2011. Bayan kowanne, iyalai sun sayar da gidaje a wulaƙance sun haye gada. Musulmi suka taru a Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Unguwar Sarki a arewacin kogi, Kirista suka cika Sabon Tasha, Narayi, Television da Gonin Gora a kudancinsa. Na biyu, durƙushewar masaƙu, wadda ta raba mutane da wurin da suke haɗuwa kullum.

Illar ta fi nauyi a kan yara. Matashin da aka haifa a arewacin kogi bayan 2000 yana iya gama sakandare bai yi aboki daga ɗaya ɓangaren ba, don haka duk jita-jitar da ya gani a waya sai ya gaskata. 'Yan siyasa ma sun sami sauƙin lissafi, tunda unguwa ta zama tambarin ƙuri'a. Kuma da yake Gidan Gwamnati na Sir Kashim Ibrahim, Majalisar Dokoki da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi duk suna arewa, kowane titi ko asibiti da aka gina sai an auna shi da ma'aunin addini.

Wasu za su ce rabuwar ta kawo sauƙi, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ba a zargin wanda ya tsere da iyalinsa. Amma rikicin 2011 ya ɓarke ne bayan an riga an rabu, wato rabuwa ba ta hana fitina ba, ta dai mayar da ita kan tituna da gadoji, inda matafiyi ba shi da maƙwabcin da zai ɓoye shi. Wasu kuma za su ce kogin bai raba kowa ba, tunda akwai Musulmi a Makera da Barnawa, akwai Kirista a Malali da Unguwar Rimi. Gaskiya ne, sai dai cakuɗuwar ta fi ƙarfi a unguwannin masu hali. Talaka ne aka ware.

Saboda haka taron sulhu kaɗai ba zai wadatar ba, duk da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Aiki ne ya haɗa mutanen Kaduna tun farko. Masana'antar sarrafa citta da tumatir, makarantun gwamnati masu ɗaukar yara daga ɓangarori biyu, da hukunta duk mai tada fitina, su ne za su sa talaka ya sake yarda ya kama haya a hayin kogi.