Dutsen Dala Da Abin Da Ke Cikinsa Na Ilmi

Duk yaron da ya yi makaranta a Kano ya san labarin Barbushe da Tsumburbura, ya kuma san a shekarar 999 Tarihin Kano ya sa farkon sarautar Bagauda. Amma in malami ya tambayi yaran nan abin da ya sa kan Dala yake shimfiɗe kamar faifai, alhali duwatsun Birnin Kudu masu ƙoƙuwa ne, sai aji ya yi tsit. Mu da muke koyar da malamai mun ga wannan tambaya ta isa a tsaya a kanta.

Dala ba irin dutsen da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi ba ne. Kansa marmara ce, watau jar ƙasa mai tama wadda ta daskare. Wani Bature, Francis Buchanan, shi ya fara bayyana irinta a littafi a shekarar 1807, bayan ya ga mutanen kudancin Indiya suna yankanta suna gini. Ba ta samuwa sai a ƙasar zafi, inda damina da rani suke bin juna. Da damina ruwa ya ratsa dutse, ya ruɓar da shi, ya tafi da abin da ke narkewa, ya bar ƙarfe. Da rani kuwa ƙasa ta bushe, ƙarfen nan ya kama. Shekaru dubbai bisa dubbai ana haka, har aka sami ɓawo mai tauri a bisa, ruɓaɓɓen dutse mai taushi a ƙarƙashi. Can ƙasa kuma akwai tsohon dutsen da ke ɗauke da birnin duka, wanda masana suka ce ya sami kamanninsa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce.

To, ga abin mamaki. Dala ba tsirowa ya yi ba, saura ne. A wani zamani fuskar ƙasar nan tana can daidai da kansa, sai ruwa ya yi ta zaizaye ko'ina yana kwashewa, in ban da wuraren da marmara ta yi kauri ta hana. Shi ya sa Dala da Goron Dutse suke tsaye kamar tagwaye, kawunansu a baje. Wanda ya hau Dala ya dubi Kurmi, zurfin nan da yake gani shi ne yawan ƙasar da ruwa ya ɗebe. Ana ƙiyasta tsawonsa ƙafa 1,750 bisa teku, amma kada wannan ya ruɗi yara, yawancinsa tudun ƙasar Kano ce kanta. Daga nan ne Barth ya zana hoton birnin a 1851.

Tamar nan ita ta jawo mutane. An haƙo wurin narkar da tama a gindin Dala, awon gawayinsa ya nuna wajen shekarar 635, watau fiye da shekara 300 kafin Bagauda. Labarin da ake bayarwa cewa maƙeran Gaya, Abagayawa, sun zo nan neman tama, ga shi ƙasa ta ba shi shaida. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma a ƙarni na 12 ma da ƙasar wurin aka ɗora ta, kududdufan cikin birni kuwa ramukan gini ne da suka zama matattarar ruwan damina.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane darajar irin waɗannan wurare. A 2015 Hukumar UNESCO ta kafa tsarin gandun duwatsu, inda akan keɓe yanki saboda ilmin da ke cikin ƙasarsa, ba a tashi mazauna ba, su ne ma masu tsaro da jagorancin baƙi. Akwai na Langkawi a Malesiya, da na Araripe a Barazil, da na Ngorongoro a Tanzaniya wanda aka karɓa a 2018. An sa Dala cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga gadon duniya a 2007, tare da ganuwa da Kurmi da Gidan Rumfa, amma don tarihi aka sa shi. A ganinmu hujjar ƙasar ba ta kasa ta tarihi ƙarfi ba, balle in aka haɗa da duwatsun kuza na Riruwai a kudancin jihar.

Sai dai dutsen da gindinsa yake da taushi ba ya jure haƙa. Gidaje sun matso har jikinsa. Kowace jakar ƙasa da aka ɗiba daga gindi, ruwa zai bi ramin ya rarake, ɓawon da ke bisa ya rasa abin dogara, ya tsage ya faɗo, wataƙila a kan gidan wanda ya ɗiba. Marmarar da ta karye kuwa ba mai mayar da ita. Ya kamata ma'aikatan da ke sa hannu a takardun fili da na gini su san wannan kafin su buga hatimi.

Malamai kuma, ku kai yara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ku nuna musu gefen da ya zaizaye, su gwada taurin sama da taushin ƙasa da hannunsu, su goga marmara a farin dutse su ga jan zanen da take bari. In wani ya tsinci kashin maƙera ko guntun tsohuwar tukunya, kada ya sa aljihu. A rubuta inda aka gan shi, a sanar da ma'aikatan Gidan Makama.