Zomon Gida: Fiɗiya Ko Rabawa?

A wani zagaye da na yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, wani magidanci ya tare ni bayan an tashi karatu. Ya ce ya saya wa ɗansa zomaye 2, mace da namiji, don yaron ya samu abin wasa. Kafin shekara ta zagayo sun cika akurki. Mazan suna ta faɗa dare da rana. Sai ya kama babbansu, ya ɗaure masa maraina da roba, kamar yadda ya ga ana yi wa ɗan bunsuru. Wurin ya kumbura, zomon ya ƙi abinci, bayan kwana 3 ya mutu. Yaron ya yini yana kuka. Magidancin ya ce mini: "Malam, ina kuskurena yake?"

Tambayar tasa ta shafi duk mai zomo a gida. Shi ya sa muka kawo amsarta a wannan shafi.

Zomon gida ba na daji ba ne

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan zomon daji ake nufi. Na gida iri ne dabam, asalinsa daga ƙasashen Sipaniya da Fotugal yake, kuma ba ya haihuwa da na daji. Ƴaƴan na daji da gashinsu ake haifuwarsu, ido buɗe. Na gida kuwa tsirara suke zuwa, ido rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗe shi.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne saurin haihuwa. Zomanya tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata 4 zuwa 6. Cikin nata kwana 31 ne, ko ƙasa kaɗan, ko sama kaɗan. Takan haifi ƴaƴa 4 zuwa 10, wani lokaci fiye. Ba ta da lokacin barbara na musamman: barbarar ce da kanta take sa ƙwai ya sauko mata. Har ranar da ta haihu, in namiji yana kusa, tana iya sake ɗaukar ciki.

Mu yi lissafi. In ta haihu sau 4 a shekara, kowace haihuwa ƴaƴa 6, an samu 24 ke nan. Matan da aka haifa a farkon shekara su ma sun fara haihuwa kafin ƙarshenta.

Akwai ƙasar da ta ɗanɗana wannan. A shekarar 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a ƙasar Ostareliya, don ya riƙa farauta. Suka yaɗu, suka zama miliyoyi, suka cinye makiyaya. Daga 1901 zuwa 1907 an yi ta kafa shingen waya don a tare su, amma bai hana su ba. A 1950 sai da aka sakar musu wata cuta kafin yawansu ya ragu. In ƙasa guda ta sha wuya haka, ina ga akurki ɗaya?

Mene ne fiɗiyar zomo?

A Turai da Amurka mutane da yawa suna ajiye zomo cikin ɗaki, kamar yadda muke ajiye kyanwa. Ba don nama ba, don sha'awa. Yawanci sukan kai shi wurin likitan dabbobi a hana shi haihuwa. Likita yana yi masa allurar barci. In namiji ne, sai ya cire maraina. In mace ce, sai ya buɗe ciki, ya cire mahaifa da inda ƙwai yake fitowa, ya ɗinke. Namiji akan yi masa tun yana da wajen wata 4, mace kuwa wata 5 zuwa 6.

Dalilansu uku ne. Na farko, su tsai da haihuwar da ba su da wurin ajiye ta. Na biyu, su rage faɗa. Mazan zomo in sun balaga suna cizon juna, sau da yawa ma a maraina, suna kuma fesa fitsari ko'ina. Fiɗiyayye ya fi natsuwa. Na uku, lafiyar mace. Ciwon dajin mahaifa yana yawan kama zomanyar da ta wuce shekara 3 ko 4. Alamarsa jini a fitsari, da rama, da haihuwar matattun ƴaƴa. Zomon da ake kula da shi yana iya kai shekara 8 ko fiye, don haka cire mahaifa tun da wuri yana kare ta.

Don me ba a yi masa irin ta bunsuru?

A nan kuskuren abokinmu yake. Halittar zomo ta bambanta da ta akuya da ta sa. Hanyar da ke tsakanin cikinsa da jakar marainansa ba ta rufewa har ya mutu. In ya tsorata yana iya janye marainan su koma ciki. Mai ɗaure roba ko mai dandaƙa bai san abin da ya kama ba. Wanda ya yanka da reza kuwa ya bar ƙofa buɗe, hanji yana iya zubowa ta wurin. Likita ya san yadda ake rufe wannan ƙofa. Ban da haka, zomo ba ya jure zafin ciwo. Da ya ji shi sai ya daina ci, cikinsa ya tsaya, mutuwa ta biyo baya.

Saboda haka fiɗiyar zomo ba aikin gida ba ce. Kuma ba kowane ma'aikacin kiwo ya saba da ita ba. Kafin ka miƙa zomonka, tambaye shi ko ya taɓa yi wa zomo, kuma ko yana da allurar barci da maganin zafin ciwo. In babu, kada a yi.

In za a yi, ga abin lura

Kada a hana shi abinci kafin aikin. Zomo ba ya amai, yunwa ce take cutar da shi.

Bayan aikin a sa shi wuri mai tsabta da inuwa, a ba shi ruwa da ɗanyar ciyawa nan da nan. In ya yini bai ci ba, bai yi kashi ba, a koma wurin likita.

A duba miki safe da maraice, a kare shi daga ƙuda don kada su zuba masa tsutsa.

Kada a ba shi ƙwayar maganin mutane. Irin su amoksisilin suna kashe ƙwayoyin da ke taimakon cikinsa narkar da abinci, sai zawo ya kashe shi.

Namijin da aka fiɗiye yana iya yi wa mace ciki har wajen mako 6 bayan aikin. A raba su har lokacin ya wuce.

Hanyar da ba ta cin kuɗi

Mafi yawanmu don nama da ɗan abin sayarwa muke kiwon zomo. Mu ba mu bukatar fiɗiya. Abin da muke bukata shi ne rabawa.

Da ƴaƴa sun kai mako 10, a ware maza daga mata. Don gane su, a kwantar da ɗan zomo, a danna a hankali gefen gabansa. Na namiji yakan fito kewayayye kamar bakin bututu, na mace kuwa tsagagge ne. Mazan da ba a so don iri a sayar ko a yanka kafin su fara faɗa, wato wajen wata 3 zuwa 4.

Namiji ɗaya ya isa mata 8 zuwa 10. A ba shi ɗakinsa shi kaɗai. In ana son ciki, mace ake kai wa ɗakin namiji, domin in an kai shi nata ɗakin faɗa za ta yi masa. Da an yi barbara a mayar da ita. A bar ta ta yaye ƴaƴanta, wajen mako 5 ko 6, kafin a sake kai ta. A cikin bazara, daga Maris zuwa Mayu, gara a bar su su huta, don zafin da ya wuce digiri 30 yana wahalar da su. Lokaci lokaci a yi musanyar namiji da maƙwabci, kada uba ya riƙa barbarar ƴaƴansa iri ya lalace.

Wanda kuma yake son zomo don yara kawai, kuma babu likita kusa, sai ya sayi mata 2 ƴan uwa ɗaya, ya ba su wuri mai faɗi.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ga wurin amfani da shi. Ku samu ɗan littafi, ku rubuta ranar barbara, ku ƙirga kwana 31, ku rubuta ranar haihuwa da ranar rabawa. Wannan shawara na ba abokin namu. Da na sake ratsawa ta garinsu, na tarar ya raba akurkin gida 3, kuma yaron ne yake riƙe da littafin.