Koton Ƙarya a Tsakiyar Teku

Duk wanda ya taɓa zama a bakin gulbi da fatsa a hannu ya san cewa kifi ba ya zuwa ga ƙugiya sai da koto, ko tana aka soka, ko fara, ko ɗan curin tuwo. Amma masuntan babban teku, waɗanda kan yi nisa da gaɓa har ƙasa ta ɓace musu, sun daɗe da fahimtar cewa manyan kifayen can, irin su tuna da malin mai dogon baki kamar mashi, ana iya yaudararsu da abin da ba shi da rai, ba shi da ƙamshi, ba ya kuma ciyuwa, muddin dai an ja shi a bayan jirgi da irin gudun da zai sa ya yi kama da abin da ke neman tsira da ransa.

Daga cikin halittun da ake kwaikwayon surarsu domin wannan sana'a, babu kamar wata dabbar ruwa da Turawa ke kira sukwid, Larabawa kuwa suka raɗa mata suna habbar, saboda baƙar tawadar da takan fesa idan ta ji tsoro, ta ɓuya a cikinta. Jikinta sulɓi ne, ba ƙashi, tana da hannuwa takwas da wasu biyu dogaye, tana kuma tafiya ta hanyar zuƙar ruwa ta furzar da shi da ƙarfi. Da rana takan sauka zurfi, da dare ta taso sama neman abinci, kuma Allah cikin hikimarsa ya sanya ta zama kalacin kusan kowane mafarauci a cikin bahar. Saboda haka aka ƙera irinta da roba mai laushi, aka yi mata idanu da geza mai lilo a madadin hannuwa, aka ɓoye ƙugiya a cikin gezar.

Dabarar ba ta yau ba ce. Mutanen tsibiran tekun Fasifik, tun kafin Bature ya san hanyar ƙasarsu, suna sassaƙa ɓawon kawar lu'ulu'u mai walƙiya, su ɗaura masa ƙugiya, su ja shi a bayan kwalekwale don kama ƙananan tuna. A garin Kona na Hawayi ne aka sabunta ta a shekarun 1950, inda wani direban jirgi, Henry Chee, ya shahara da zuba narkakken ƙaron roba a cikin kofin gilas domin ya sami kan koto mai kyau, sa'an nan a 1954 wani masunci, George Parker, ya kama malin mai nauyin laba 1,002 da koton da ya haɗa da hannunsa.

Yadda ake aikin shi ne, jirgi yana tafiya a kan mil shida zuwa tara na teku a sa'a guda, wato kimanin kilomita 11 zuwa 17, an saki igiyoyi huɗu ko fiye a baya, waɗansu kusa, waɗansu nesa, an kuma miƙa dogayen sanduna biyu dama da hagu don su ware igiyoyin kada su sarƙe. Kowane koto ana so ya zauna a fuskar igiyar ruwan da jirgin ya tayar, ya riƙa leƙowa sama yana ɗibar iska, ya nutse yana jan farin kumfa a bayansa. In ya cika tsalle yana juyi, gudu ya yi yawa. In ya kwanta lakakai kamar tsumma, gudu ya gaza.

To, a nan ne muka iso ga abin da ni a ganina ya fi kome ban sha'awa, wato koton da ba shi da ƙugiya ko ɗaya, wanda za mu iya kira ɗan kira, tun da aikinsa ke nan. Teku fili ne mai faɗi, kifin da ake nema kuwa la'alla yana can ƙasa ƙwarai, ba zai taso don ƙwaya ɗaya tak ba. Amma idan ya ɗaga ido ya hangi inuwar jirgi, da kumfa, da abin da ya yi kama da garken habbar a firgice, to ɗabi'arsa ta farauta ba za ta bar shi ya zauna ba. Don haka ake jera robobi biyar ko shida a igiya ɗaya kamar ƴaƴan carbi, suna fantsama ruwa. Waɗansu kan rataya layuka da yawa a jikin sandar ƙarfe da aka gicciye, su zama garke sosai. Waɗansu kuma su sa musu darma mai nauyi, garken ya riƙa tafiya a ƙarƙashin ruwa. A ƙarshen jerin, ɗan nesa da sauran, nan ake sa mai ƙugiya, galibi da launi dabam, domin mafarauci, na tudu ne ko na ruwa, wanda aka bari a baya yake fara kai wa cafka, kamar yadda kura ba ta faɗa wa tsakiyar garke alhali ga gurguwar akuya a baya.

Gwanaye sun ƙara wani mataki a kan wannan. Sai su ja ƴan kira kaɗai, ido a kan ruwa, har malin ya taso yana dukan roba da bakinsa. Sai yaron jirgi ya janye robar da sauri, kifin ya biyo ta a fusace har gindin jirgi, a daidai lokacin kuma a jefa masa kifi na gaske da ƙugiya a ciki. Wanda ya makara da daƙiƙa kaɗan, ya yi asarar yini guda. Mutanen Japan kuma nasu salon shi ne doguwar sanda a tsaye tsakiyar jirgi, wadda ta haura mita 10, robobin na rataye suna taɓa ruwa suna tashi, har tuna ya yi tsalle ya cafke su a iska.

Game da launi, masu sayarwa sun cika kantuna da shuɗi da ja da kore da ruwan hoda, kowanne da kirarinsa, ni kuwa ina zaton launin ya fi kama mai saye bisa ga kifi, domin wanda ke kallo daga ƙasa, hasken sama na bayan abin, inuwa da motsi yake fara gani. Ai Hausawa sun ce kifi na ganinka, mai jar koma. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne girman koto ya dace da abin da kifin ke ci a wannan lokaci, ƙugiya ta kasance da kaifi, ƙulli kuma ya ɗauru, a wanke kome da ruwan daɗi bayan an dawo, saboda gishiri ba ya raga wa ƙarfe.

Saura magana ɗaya ga ƴan'uwanmu mazauna gaɓar teku, daga Ikko zuwa Tema da Takoradi, waɗanda wata rana wannan kaya zai iya shiga hannunsu: roba da igiyar nailan ba sa ruɓewa da wuri, kuma abin da ya yaudari tuna yana yaudarar kunkurun teku da tsuntsu. Wadda ta yage, a dawo da ita tudu, kada a jefa ta a ruwa.